Narkakken Gishiri da Wutar Lantarki: Yadda Ake Tsamo Yuraniyom Daga Sharar Nukiliya

A kowace shekara, idan muka kai darasin tace ƙarfe da wutar lantarki a ajin ƙarshe na sakandare a nan Katsina, akwai gwajin da ba na tsallakewa ko da kayan aiki sun yi ƙaranci. Nakan cika kofin gilashi da ruwan gishirin jan ƙarfe, wanda shuɗi ne kamar an jiƙa bula, in rataya falle biyu a ciki: ɗaya guntun jan ƙarfe ne mai dauɗa da na tsinto a wurin 'yan gwangwan, ɗayan kuwa siriri ne mai tsabta. Sai in haɗa su da batiran tocila biyu, mu ci gaba da karatu. Kafin a tashi, fallen mai dauɗa ya fara zaizayewa, mai tsabtar ya yi sabuwar riga ja, a gindin kofin kuma wata baƙar laka ta kwanta daidai ƙarƙashin wanda ke zaizayewa. Wutar ta ɗebi jan ƙarfe zalla daga wannan gefe ta kai shi wancan, ta bar dattin a baya. Wani ɗalibi ya taɓa ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ita wutar ta yaya ta san wannan jan ƙarfe ne, wannan datti?" Amsar wannan tambaya ita ce ginshiƙin wata fasaha da aka shafe shekaru da dama ana gwadawa a Amurka, da Koriya ta Kudu, da Japan, da Rasha, da Indiya, wato tace makamashin nukiliya da ya gama aiki a cikin narkakken gishiri.

Sai mun fara sanin abin da ake son tacewa. Yuraniyom ɗin da ake haƙowa a Arlit, a arewacin maƙwabciyarmu Nijar, iri biyu ne a gauraye. Mai nauyin 235, wanda ƙwayar zarrarsa ke saurin tsagewa ta ba da zafi, bai wuce kashi 0.7 cikin ɗari ba, ragowar kusan duka mai nauyin 238 ne. Yawancin tashoshin nukiliya na duniya suna aiki da makamashin da aka ɗaga kason 235 ɗinsa zuwa tsakanin kashi 3 da 5, aka dunƙula shi ƙanana-ƙanana, aka jera a cikin dogayen kube na ƙarfe. Bayan shekara huɗu ko biyar a cikin murhun nukiliya sai a zare sandunan, domin ɓaraguzan da tsagewar ta bari sun taru suna shanye niyutiron, wato ƙwayoyin da ke sa tsagewar ta ci gaba, kamar dai yadda toka ke danne garwashi. Abin da aka zare ɗin ana ce masa shara, amma ya fi kama da bakin wuta da aka janye daga murhu alhali rabin itacen bai ci ba. Kusan kashi 95 cikin ɗarinsa yuraniyom ne har yanzu, kusan kashi ɗaya fulotoniyom ne da 'yan uwansa masu nauyi irin su neftuniyom da amerisiyom, waɗanda aka haifa a cikin murhun, ɓaraguzan kuwa ba su wuce kashi uku zuwa huɗu ba. Babban murhu mai ba da megawat dubu yana fitar da kimanin tan 20 na wannan kaya a shekara, kuma abin da duniya ta fitar zuwa yanzu ya kai wajen tan dubu 400.

Haɗarin kayan ma kashi biyu ne. Ɓaraguzai irin su siziyom 137 da sitirontiyom 90 su ne masu zafi da tsananin radiyeshan, wato tartsatsin da ido ba ya gani amma yana ƙona naman jiki, sai dai duk shekara talatin rabinsu ke mutuwa, ta yadda bayan shekara ɗari uku abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Fulotoniyom 239 kuwa sai ya yi shekara dubu 24 kafin rabinsa ya lalace. Daga nan tunanin masu tacewa ya taso: idan aka ware masu nauyin aka mayar da su murhu suka ƙone, abin da za a binne zai ragu, kuma tsawon zamanin da za a yi ana fargabarsa zai gajarta ƙwarai.

Hanyar da aka fi sani ta yin wannan rabo ta ruwa ce, sunanta PUREX, kuma an ƙirƙire ta a Amurka a ƙarshen shekarun 1940 domin samar da fulotoniyom na bam. Ana narkar da sandunan a cikin asid, a yi amfani da wani sinadari mai kama da mai a tsamo yuraniyom da fulotoniyom kowanne daban. Masana'antar La Hague ta Faransa, wadda aka gina ta iya sarrafa tan 1,700 a shekara, da ita take aiki. Laifin wannan hanya shi ne ƙwarewarta, domin tana fitar da fulotoniyom tsantsa. Bayan Indiya ta gwada bam a 1974 da fulotoniyom ɗin da ta tace daga wani murhun bincike, Amurka ta tsorata, har Shugaba Jimmy Carter ya dakatar da wannan sana'a a ƙasarsa a 1977.

To me zai hana a yi wa yuraniyom abin da nake yi wa jan ƙarfe a kofin gilashi? Ruwa ne ke hanawa. Kowane ƙarfe yana da nasa farashin a wurin lantarki, wato akwai gwargwadon ƙarfin turin wuta da ake bukata kafin ya bar narkewa ya koma ƙarfe a jikin falle. Jan ƙarfe mai araha ne, da ɗan turi kaɗan yake sauka. Yuraniyom mai tsada ne, kuma tun kafin a kai farashinsa ruwan da kansa ya fara tsagewa yana fitar da iskar haidirojin, sai wutar ta ƙare a can. Wannan matsala tsohuwa ce. A 1807 Humphry Davy na Ingila ya fitar da sodiyom da fotasiyom a karon farko ta hanyar barin ruwa, ya narkar da sinadaransu da zafi ya tura musu lantarki. Kusan duk alminiyom ɗin da ke duniya, har da gwangwanayen da maƙeranmu ke narkarwa su zuba tukwane da ludaya, ta irin wannan hanya aka fara fitar da shi daga ƙasa, a cikin wani narkakken gishiri mai zafin kusan digiri 950, bisa dabarar da Charles Hall na Amurka da Paul Héroult na Faransa suka gano kowa a wurinsa a 1886. Masana'antar alminiyom ta Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom a kan wannan dabara aka gina ta.

Gishiri a bakin masu ilimin sinadarai ya fi na miya faɗi, domin kanwa da manda da kantun Bilma duk danginsa ne, kuma abin da ya haɗa su shi ne idan sun narke sukan rabu zuwa ƙwayoyi masu ɗauke da caji, waɗanda ke iya jigilar lantarki. Gishirin miya sai a digiri 801 yake narkewa, zafin da zai cinye tukunyar da aka zuba shi. Don haka ake gauraya wasu guda biyu, litiyom kulorayid mai narkewa a wajen digiri 610 da fotasiyom kulorayid mai narkewa a 770. Abin mamaki, idan aka haɗa su bisa gwargwadon da ya dace, gaurayen yana narkewa a wajen digiri 352, ƙasa da kowannensu. Mai gyaran rediyo ko waya ya san wannan ko da bai san sunansa ba: dalma tana narkewa a 327, kuza a 232, amma wayar liƙi da aka haɗa daga su biyun tana narkewa a 183. Ana riƙe tukunyar tacewa a digiri 500, inda gishirin yake garau kamar ruwa. Radiyeshan ba ya lalata shi yadda yake lalata sinadarin PUREX, saboda haka ana iya sarrafa makamashin da bai daɗe da fitowa daga murhu ba. Sannan babu ruwa a wurin, kuma wannan kariya ce, domin ruwa yana rage gudun niyutiron, abin da ke sauƙaƙa wa tsagewa ta tashi da kanta a inda ba a so.

Ga yadda aikin yake gudana. Ana daddatse sandunan makamashi gutsi-gutsi kamar ana yanka rake, a zuba a kwandon ƙarfe mai huji-huji, a nutsar da shi cikin gishirin. Kwandon shi ne falle mai bayarwa, wanda ake kira anod. A gefe kuma ana nutsar da sandar baƙin ƙarfe, ita ce mai karɓa, wato katod. Da an kunna wuta, kowace ƙwayar yuraniyom da ke cikin kwandon sai ta saki elektiron uku, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki, ta narke cikin gishirin, a can jikin sandar kuma wata ƙwayar ta karɓi uku ta koma ƙarfe. Ba ya kwanciya sumul kamar jan ƙarfen kofina, yakan tsiro ne da rassa da ƙayoyi kamar busasshen reshen bagaruwa, gishiri na manne a tsakaninsu.

A nan amsar ɗalibina take. Wutar ba ta san komai ba, farashi kawai take bi, kuma kayan da ke cikin kwandon sun kasu uku bisa wannan farashi. Akwai masu taurin kai waɗanda ba sa narkewa a turin da ake bayarwa, irin su molibdinom, da rutiniyom, da faladiyom, da ƙarfen kuben kansa. Waɗannan suna nan zaune a cikin kwando, su ne kwatankwacin baƙar lakar gindin kofi. Akwai masu zumuɗin narkewa, irin su siziyom, da sitirontiyom, da bariyom, waɗanda da zarar sun shiga gishirin sun samu gida, babu turin da ake bayarwa da zai fito da su. Sai na tsakiya, wanda ke narkewa a wannan gefe ya sauka a wancan, shi ne yuraniyom. Fulotoniyom da 'yan uwansa suna narkewa su ma, amma farashin saukarsu a jikin sandar ƙarfe ya ɗara na yuraniyom, don haka suna taruwa a cikin gishirin. Aikin sheƙe hatsi ne, sai dai a nan lantarki ne iskar.

Ana iya lissafa wutar da aikin ke ci da dokar da Michael Faraday ya kafa a shekarun 1830. Tunda kowace ƙwaya elektiron uku take bukata, kilo ɗaya na yuraniyom yana cin kimanin amfiya-awa 338, wato ma'aunin da ake auna cajin batiri da shi, idan babu asara. Wanda ya taɓa sayen batirin sola mai lamba 200 zai gane cewa wannan bai kai cajin guda biyu ba, kuma turin da ake bukata a tukunyar bai kai na batirin ba ko kusa. A aikace ana cin fiye da haka, domin wasu rassan suna karyewa su faɗa ƙasa sai an sake narkar da su. Duk da haka, a kwatanta da abin da ke cikin kilon: idan aka tsaga shi kaf zai ba da zafi sama da kilowat-awa miliyan 22, wanda idan kashi ɗaya cikin uku ya zama lantarki, ya kai abin da tashar iska ta Lambar Rimi mai megawat 10 za ta bayar idan ta yi wata guda cur tana juyawa da dukkan ƙarfinta dare da rana.

Idan sandar ta cika sai a zare ta, a kankare rassan, a sa su a wata tanda da aka zuƙe wa iska, a ɗaga zafi har gishirin da ya manne ya turare ya koma wani mazubi, sannan a ƙara zafin ya wuce digiri 1,132 inda yuraniyom ke narkewa, ya dunƙule ya zama curi. Masu nauyin da suka taru a gishiri kuwa, dabarar da aka tsara musu ita ce a maye gurbin sandar da kasko na narkakken kadmiyom, ƙarfen da ke narkewa a digiri 321. Kadmiyom yana kama su ya riƙe, amma ba ya iya bambance su, sai ya kwaso fulotoniyom tare da yuraniyom, da neftuniyom, da amerisiyom, da wasu daga cikin ɓaraguzan. Wannan rashin iya tsincewa shi ne abin da masu fasahar suka fi alfahari da shi, domin a cewarsu abin da ke fitowa gauraye ne mai radiyeshan, ya dace da murhu amma bai dace da bam ba. Za mu dawo kan wannan da'awa, don ba kowa ya yarda da ita ba.

Duk abin da na faɗa zai iya sa mai karatu ya ɗauka aikin bai fi na kofin gilashina wuya ba, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Babu mahalukin da zai iya tsayawa kusa da wannan tukunya ya rayu. Tana cikin wani ɗaki ne mai bangon kankare da kaurinsa ya wuce mita ɗaya, ma'aikaci yana waje yana leƙe ta tagar gilashi mai kauri kamar bangon, yana sarrafa hannayen ƙarfe da suka ratsa ciki. Duk ƙusar da za a kwance, duk abin da ya karye, da waɗannan hannaye za a gyara shi. Ɗakin kuma ba iskar da muke shaƙa ce a ciki ba, an cika shi da iskar agon wadda ba ta haɗuwa da komai, domin gishirin yana jan danshi fiye da yadda gishirin miya ke jiƙewa a watan Agusta, kuma garin yuraniyom yana iya kamawa da wuta da kansa idan ya sha iska. Ga shi narkakken gishiri da ya ɗan sha danshi yana cin ƙarfe ba sassauci.

Sai batun shara, domin tacewa ba ta ɓatar da ɓaraguzai, wuri kawai take sauya musu. Abin da ya rage a kwando ana narkar da shi tare da zakoniyom ya zama curin ƙarfe mai jure tsatsa, wannan mai sauƙi ne. Gishirin shi ne ciwon kai. Bayan an daɗe ana aiki yakan cika da siziyom da sitirontiyom har ya riƙa yin zafi da kansa, dole a sauya shi, kuma ba a isa a binne shi haka ba tunda gishiri da ruwa ba sa ga-maciji, ranar da ruwan ƙasa ya iske shi ya tafi da shi. Gilashin da Faransa ke zuba sharar PUREX a ciki kuwa ba ya karɓar kulorayid sai ɗan kaɗan. Dabarar da aka fito da ita a Amurka ita ce a sa wani farin gari mai ramuka ƙanana, ziyolait, ya tsotse gishirin, a gauraya da garin gilashi, a gasa har ya zama dutse mai suna sodalait. Dutsen yana riƙe abin da aka ba shi, sai dai ya ninka gishirin da ke cikinsa nauyi sau da yawa, abin da ke cinye wani ɓangare na ribar rage shara da aka yi alkawari.

Inda aka fi gwada wannan fasaha da makamashi na gaske shi ne hamadar jihar Aidaho ta Amurka. A can cibiyar bincike ta Argonne ta gina wani murhu mai suna EBR-II, wanda ya fara aiki a 1964, yana ba da lantarki megawat 20. Ba ruwa ke sanyaya shi ba, narkakken sodiyom ne, kuma makamashinsa ƙarfe ne. A 1984 aka fara wani shiri ƙarƙashin jagorancin Charles Till da Yoon Il Chang, na haɗa murhu da ɗakin tacewa da wurin zuba sababbin sanduna duk a harabar guda, ta yadda fulotoniyom ba zai taɓa hawa mota ya bar wurin ba. A watan Afrilun 1986, makonni kaɗan kafin bala'in tashar nukiliya ta Chanobil, suka kashe famfunan sanyaya murhun da gangan yana tsakiyar aiki, suka hana na'urar kashe shi ta gaggawa motsi, murhun ya kwantar da kansa saboda makamashin ƙarfen da ya yi zafi ya buɗe. Duk da haka, a 1994 gwamnatin Bill Clinton da majalisar dokoki suka soke shirin, bisa dalilin kuɗi da fargabar yaɗuwar fulotoniyom, aka rufe murhun kafin a kammala zagayen da aka tsara.

Tukunyar tacewar dai ta samu aiki, domin an bar gado mai wuyar sha'ani. A cikin kowane kube na EBR-II akwai sodiyom da aka zuba don ya kai zafi daga makamashi zuwa bangon kuben, kuma sodiyom idan ya haɗu da ruwa wuta yake tayarwa, saboda haka ba a binne irin wannan sanda yadda take. A cikin narkakken gishiri kuwa sodiyom ɗin yana komawa gishirin miya salin-alin. Daga 1996 aka fara tace waɗannan sanduna, kuma an tabbatar cewa ilimin sinadaran yana aiki yadda aka zata. Saurin aikin ne ya ba da kunya. Kayan da aka ɗora wa wurin kimanin tan 26 ne, amma a 2017 Edwin Lyman, masanin kimiyya mai sukar shirin, ya nuna daga takardun hukuma cewa abin da aka tace bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Masu kare shirin suna cewa ɗakin tsoho ne na shekarun 1960, an gina shi don bincike, kuma ba a taɓa ba shi kuɗin da zai yi aiki dare da rana ba. A ganina dukansu suna da gaskiya, kuma gaskiyar tasu wuri guda ta nufa: har yau babu wanda ya nuna wannan fasaha tana aiki a girman masana'anta, alhali La Hague tana iya gamawa da tan 26 cikin mako guda.

Koriya ta Kudu ce ta fi kowa ɗokin abin a wannan zamani. Tana da murhu sama da ashirin da ke ba ta kusan kashi 30 na lantarkinta, ƙasar ƙarama ce, tafkunan ajiye tsofaffin sanduna kuma suna cika. Sai dai makamashinta, kamar na yawancin duniya, ba ƙarfe ba ne, yuraniyom ne haɗe da iskar oksijin, wanda ya fi kama da fasasshen tangaran kuma ba ya ɗaukar lantarki sosai. Kafin a tace shi sai an ƙara wani mataki: a nutsar da shi a litiyom kulorayid mai zafin digiri 650, a yi amfani da lantarki a zare oksijin ɗin har ya koma ƙarfe. Fallen da oksijin ke fita ta jikinsa yawanci na filatinom ne, ƙarfe mai tsadar gaske, kuma shi ma yana zaizayewa. Cibiyar binciken nukiliya ta ƙasar da ke Daejeon ta gina wurin gwaji mai suna PRIDE, amma da makamashin kwaikwayo take aiki, domin yarjejeniyarta da Amurka ba ta ba ta damar taɓa na gaske yadda take so ba, kuma a 1992 ta rattaba hannu tare da Koriya ta Arewa cewa babu wadda za ta mallaki masana'antar tacewa. A 2011 ƙasashen biyu, Amurka da Koriya ta Kudu, suka fara binciken haɗin gwiwa na shekara goma, inda gwajin da ya shafi makamashi na gaske aka yi shi a Aidaho.

Gardamar da ke tsakaninsu ta koma kan waccan da'awa ta kadmiyom. Koriya ta ce tunda ba a fitar da fulotoniyom tsantsa, bai kamata a sa wannan hanya a layi ɗaya da PUREX ba. Wani nazari da masana daga cibiyoyin binciken gwamnatin Amurka suka fitar a 2009 ya ce bambancin kaɗan ne idan ƙasa ce da kanta ta yi niyyar karkatar da kayan, domin an riga an yi mata mafi wuyar aikin, wato raba masu nauyi da yawancin ɓaraguzan da ke hana a kusance su. Akwai kuma matsalar lissafi, wadda a wurina ta fi ɗaukar hankali. A masana'antar PUREX akwai tankin da komai ke narkewa ya gauraye sumul, sai jami'in hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana ya ɗebi ɗan kaɗan ya auna, ya san adadin fulotoniyom ɗin da ya shigo. A tukunyar gishiri babu irin wannan ma'auni: wani yana kwando, wani yana gishiri, wani ya manne a bango. Hukumar tana ɗaukar kilo 8 na fulotoniyom a matsayin adadin da ba za a iya kawar da yiwuwar yin bam da shi ba, kuma wurin da ke sarrafa tan ɗari a shekara kusan tan guda na fulotoniyom ne zai ratsa ta cikinsa, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a awo ya isa ya ɓoye wannan adadi. Duk wanda ya taɓa ba da ajiyar hatsi ba tare da an auna da tiya a gabansa ba ya san irin wannan zaman zullumi.

Ko da an warware wannan, tsugune ba ta ƙare ba, domin abin da tukunyar ke fitarwa ba ya shiga murhun ruwa na yau da kullum. Sai murhu mai saurin niyutiron irin EBR-II, wanda ke iya ƙone masu nauyin kuma ya mayar da yuraniyom 238 makamashi. Irin waɗannan kaɗan ne ƙwarai. Rasha tana da biyu manya a Beloyarsk, Faransa ta rufe Superphénix a ƙarshen shekarun 1990, Japan ta yanke shawarar rufe Monju a 2016 bayan ya shafe yawancin rayuwarsa a kashe. Sannan sabon yuraniyom daga ƙasa har yanzu ya fi wanda aka tace araha, kuma kuɗinsa ƙaramin kaso ne a farashin lantarkin nukiliya. Shi ya sa Finland ta zaɓi ta haƙa rami mai zurfin sama da mita 400 a cikin dutse, a wurin da ake kira Onkalo, ta binne sandunanta yadda suke.

Mu a nan, abin da ke tsakaninmu da wannan zance ya fi kusa da yadda ake zato. Daga Jibiya ko Kongolam ƙetare ɗaya ne zuwa ƙasar da ta fara fitar da yuraniyom tun 1971, wadda mahaƙarta ta Akouta ta ƙare aka rufe ta a 2021. A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin murhun bincike mai kimanin kilowat 30 da ya fara aiki a 2004, kuma a 2018 aka sauya masa makamashi, aka mayar da tsohon, mai yawan 235, ƙasar Sin inda ya fito. Wannan shi ne kaɗai karon da Najeriya ta fuskanci tambayar inda tsohon makamashi zai je, kuma amsar ita ce a mayar wa mai shi, wanda abu ne mai sauƙi ga abin da bai fi kilo guda da 'yan kai ba. An ambaci Geregu a jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina manyan tashoshi, an kuma sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Irin murhun da ake magana a kai na ruwa ne, makamashinsa mai oksijin ne, kuma tan 20 ɗin nan zai riƙa fitowa daga kowane guda a duk shekara har tsawon shekara sittin. Idan aka ce wa 'yan majalisarmu kada su damu da wannan shara domin akwai fasahar narkakken gishiri da za ta mayar da ita makamashi, tambayoyin da suka dace su yi su ne: a wace masana'anta aka taɓa yin haka da tan ɗari, wane murhu ne zai ƙone abin da aka tace, kuma wa zai karɓi gishirin. Rasha ta amince ta karɓi tsofaffin sandunan tashar Bushehr ta Iran da ta Rooppur ta Bangaladash, kuma a duka biyun an rubuta wannan sharaɗi a takarda tun kafin murhun ya fara aiki.